Tsibiri da Sabon Birni: Gobir Ɗaya, Ƙofa Biyu

Gulbin Maraɗi sau biyu yake ƙetare iyakar ƙasa kafin ya kammala tafiyarsa. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shiga Jamhuriyar Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya karkato ya dawo Nijeriya, inda yake zuba cikin Gulbin Rima a ƙasar Sabon Birni. Garuruwan da ke wannan ƙarshen, irin su Gangara da Gatawa da Tsamaye da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa, su ne mazauna Abuja da Kano ke ɗauka a matsayin bayan gari, wuraren da ba a tunawa da su sai an ji labarin hari. Idan kuwa aka tayar da maganar dunƙulewar duniya, wato yadda kaya da kuɗi da ra'ayi da hotuna ke yawo tsakanin nahiyoyi har su sauya rayuwar wanda bai taɓa barin garinsu ba, sai a yi zaton jiya-jiya abin ya iske waɗannan garuruwa, ranar da wayar salula ta shigo.

Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Ƙasar Gobir ta daɗe tana cuɗanya da wurare masu nisa, kuma tana da abin da za ta ƙara a kan muhawarar da masana zamantakewa suka shafe shekaru suna yi. Tun shekarun 1960 Marshall McLuhan ya yi hasashen cewa kafofin sadarwa za su mayar da duniya kamar ƙauye guda, kuma daga nan wasu suka tsorata cewa al'adun ƙananan al'ummu za su narke cikin na Amurka da Turai. A shekarun 1990 Roland Robertson da masu ra'ayi irin nasa suka ce ba haka abin yake tafiya ba, domin duk abin da ya zo daga waje sai mutanen wuri sun sake ƙera shi daidai da bukatarsu. Binciken Brian Larkin da na Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan yadda finafinan Indiya suka rikiɗe a hannun matasan Kano ya ƙarfafa wannan ra'ayi na biyu. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake tsayawa a kanta ba: ta hannun wa baƙon abu ke shigowa? A Gobir, inda aka raba jama'a ɗaya mai harshe ɗaya da tsaga ɗaya aka buɗe wa kowane ɓangare ƙofa daban, amsar wannan tambaya ce ta fi bayyana abin da ya faru da al'ada.

Gishiri, wuri da littafi

Gobirawa da kansu ba su taɓa ɗaukar kansu mutanen lungu ba. Labarin asalinsu gabas yake fuskanta, har Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa ana danganta su da Kibɗawan Masar, kuma wasan taubasantaka da ke tsakaninsu da Yarbawa a kan irin wannan labari na tushe guda ya ginu. Abin da ya fi tabbata shi ne sun zauna a ƙasar Azbin kafin matsin Abzinawa ya turo su kudu, suka yi Birnin Lalle, daga baya a tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya karya Zamfara ya kafa Alƙalawa a bakin Rima. Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau. Tarihin Kano ma ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15, Azbinawa suka iso Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Wato tun sannan Gobir ce ƙofar da ayarin raƙuma daga Bilma da Agadas ke fara sauka, su ba da gishiri da dabino su ɗauki gero da tufafi.

Kuɗin da ake ciniki da shi ya fi gishirin nisan tafiya. Wurin da aka riƙa ƙirgawa a kasuwannin ƙasar Hausa tun ƙarni na 18 daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya ake tsinto shi. Jiragen Turawa ne ke kai shi Landan da Amsitadam, su sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi, sannan ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe har ya iso arewa. Matar da ta sayi daddawa da wuri biyar a Alƙalawa tana riƙe da ƙarshen wata igiya da ta ratsa tekuna biyu, ko da ba ta sani ba. Sarki kuwa ya sani, domin shi ke karɓar kuɗin fito da na kasuwa, shi ke ƙulla amana da shugabannin Abzinawa, kuma shi ke yanke wanda zai wuce da wanda za a tare.

Akwai ƙofa ta biyu wadda ba ta hannun sarki, ita ce ta malamai. Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi aikin hajji, kuma a Alƙahira ya karɓi ijaza daga Murtala az-Zabidi, mawallafin ƙamus ɗin Tajul Arus, mutumin da aka haifa a Indiya ya yi karatu a Yaman. Ɗariƙar Ƙadiriyya da Shehu ya riƙe daga Bagadaza tushenta yake. Hujjojin da ya kafa a kan sarakunan da ke gauraya Musulunci da al'adun gargajiya ya ɗauko da yawa daga amsoshin da al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya ba Askiya Muhammadu na Sanwai kimanin shekara 300 kafin nan. Saboda haka lokacin da Shehu ya tsaya gaban Bawa Jan Gwarzo a Magami wajen 1788, ya ƙi karɓar kyauta ya nemi a bar shi ya yi wa'azi kuma a girmama mai rawani, hanyoyi biyu na haɗuwa da duniya ne suka fuskanci juna: ta fada mai dogaro da ayari da haraji, da ta zaure mai dogaro da littafi da ijaza.

Yana da kyau a lura da abin da Sarki Nafata ya hana a ƙarshen wannan ƙarni. Bai hana gishiri ko wuri ba. Ya yi shela cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, kada maza su naɗa rawani, kada mata su yi lulluɓi. Tufafi da magana ya kai wa hannu, domin ya gane cewa ta nan ne jama'arsa ke shelar sun koma ƙarƙashin wata hukuma mai faɗi fiye da Gobir. Duk gardamar da ake yi yau a kan ɗinki da aski da abin da yara ke kallo a waya jikanyar wannan ce, kuma yadda ta ƙare a wancan karo sananne ne: hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, Tabkin Kwatto a watan Yuni, sannan faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Yunfa a 1808.

Masu ɗora wa Turawa laifin raba Gobir sukan tsallake shekaru kusan 100 da suka biyo baya. Gobirawa sun rabu tun kafin a ja layi a taswira. Bayan Muhammadu Bello ya ci su a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka hau arewa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A kudu kuma Sakkwato ta kafa ribaɗoɗi, irin su Lajinge da Isa, ta damƙa su ga 'ya'yan gidan sarautarta. A shekarun 1860 Ɗan Halima ya ɓata da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato, aka bar shi ya gina Sabon Birni kusa da tsohon kufan kakanninsa, ko da yake amanar ba kullum take riƙewa ba. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ake da Sarkin Gobir fiye da ɗaya. Tsakanin waɗannan garuruwa kuwa daji ne da ba mai iko da shi. Heinrich Barth, wanda ya ratsa dajin Gundumi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya ba da labarin yadda ayarinsu ya yi tafiyar fiye da yini da kwana ba tare da yada zango ba don tsoron mahara. Mai bin hanyar Isa a yau ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Layin da aka ja a Landan

Abin da Turawa suka yi shi ne suka daskarar da wannan rabuwa, kuma dalilansu ba su da alaƙa da Gobir ko kaɗan. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ɗora tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Bisa wannan yarjejeniya Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk a ɓangaren Ingila suka faɗa. Faransawa suka tarar an bar su da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram. Da ƙasashen biyu suka zauna sasanta rigingimunsu na duniya baki ɗaya a ranar 8 ga Afrilu 1904, Faransa ta haƙura da wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gaɓar Niyufanlan, can gabashin Kanada, aka saka mata da wasu yankuna a Afirka ta Yamma, ciki har da turo wannan iyaka kudu. Aka sake gyara ta a 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 tana kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Tabkin Chadi. Kifin wani tsibiri a Tekun Atlantika yana cikin abin da ya sa Tsibirin Gobir ta koyi Faransanci.

Daga nan kowane ɓangare ya samu mai tsaron ƙofarsa. Ingilishi, bayan sun ci Sakkwato a Maris 1903, sun yi mulki ta hannun sarakuna, suka mayar da Sabon Birni da Isa gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, mai alƙalanta da baitulmalinta da dogaranta. Ma'anar wannan ita ce abin da yaƙin shekara 100 bai gama yi ba, takardar Bature ta kammala shi: Gobirawan kudu suka shiga ƙarƙashin Sarkin Musulmi ba tare da sauran ja-in-ja ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, ta kuma saka bori cikin abubuwan da doka ta hana. Faransawa kuwa ba su yarda da wani iko tsakaninsu da talaka ba. Suka rage wa sarakuna ƙarfi suka mayar da su masu tara haraji da ma'aikatan tilas, aikin da ba a soke ba sai 1946, wanda kuma ya sa mutane da yawa suka tsallako kudu. Amma da yake Faransawa na ɗari-ɗari da malamai da duk wata alaƙa da Sakkwato, ba su damu da kawar da al'adun fada ba.

Sakamakon ya saɓa wa abin da mutum zai zata. A ɓangaren da Bature ya fi danne sarki, can ne tsohuwar al'adar Gobir ta fi samun wurin shaƙatawa. Sarautar Inna, macen gidan sarauta mai shugabantar bori, wadda a Alƙalawa ake jin maganarta kusa da ta sarki, ta ci gaba da rayuwa a fili a Tsibiri. A can ne kuma mishan ɗin SIM ta kafa tasha a 1927, abin da zai yi wuya a yarda da shi a Isa a wancan lokaci, har aka samu iyalan Gobirawa Kirista masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. A kudu, inda aka ce ana kare gargajiya, gargajiyar Daular Usmaniyya aka kare, ta Alƙalawa kuwa ta koma bayan ɗaki. William Miles ya ga makamancin haka a garuruwan Yardaje da Yekuwa na iyakar Daura, ya rubuta littafi a kai a 1994, amma a Gobir bambancin ya fi kaifi saboda ya hau kan tsohuwar gaba.

Harshe ma ya ɗauki tambarin ƙofar da ya bi. Mutumin Gangara da na Gidan Runji Gobiranci ɗaya suke yi, amma wannan ya san kwastan da ɗan sanda da firamare, wancan ya san duwan da jandarma da lakwal. Wanda ya yi boko a kudu an koya masa rubutun Hausar Kano, irin wadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939, har yakan ji kunyar harshen uwarsa a gaban 'yan birni. Takwaransa na arewa da Faransanci aka fara masa. Abin sha'awa shi ne kalmomin kuɗi, domin su ne suka ƙi mantawa. Dala, sunan da ya samo asali daga azurfar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, ta zama sule biyu a ƙasar Ingilishi, ta zama faran biyar a ƙasar Faransa. Jaka, wadda asalinta buhun wuri 20,000 ce, ta koma fam 100 sannan naira 200 a Nijeriya, a Nijar kuma jikka ita ce sefa 1,000. Ɗan canjin da ke zaune a kasuwar iyaka yana lissafin kuɗin ƙasashe biyu da kalmomin da suka girmi ƙasashen.

Iyakar da aka yi don ta raba sai ta zama abin ci. Jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa ta Shinkafi zuwa tasha, manomin Isa ya fara jin tasirin farashin Libaful a aljihunsa. Bayan 'yancin kai, musamman daga yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 da farin 1973 da ya karya gyaɗa, 'yan kasuwar Maraɗi suka gano cewa ribar tana cikin bambancin dokokin ƙasashen biyu. Duk abin da Nijeriya ta hana shigowa da shi ko ta tsawwala wa haraji, taba sigari ko atamfa ko shinkafa ko gwanjo, sai a sauke shi a Kwatano ko Lome, a kawo shi Maraɗi bisa doka, a tsallakar da shi kudu da dare. Man fetur mai tallafi kuma ya hau arewa. Waɗannan su ne alhazan da Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsu a 1986, kuma su ne sababbin masu riƙe da ƙofa. Da kuɗinsu aka gina masallatai da makarantun Islamiyya, su suka mayar da zuwa Makka da kulle da babbar riga ma'aunin arziki. Yadda rayuwa ta dogara da wannan zirga-zirga ya fito fili lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka a Afrilun 1984 ta canja kuɗi, ana tsakiyar fari. Mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

Rediyo bai san alamomin Tilho ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus ya biyo baya, Muryar Amurka ta shigo a 1979, Faransa ba ta buɗe nata ba sai 2007, lokacin da mutanen Tsibiri sun riga sun shafe shekara 50 suna jin labarin duniya daga Landan. Ta rediyon Kaduna da kaset kuma tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ya karaɗe ɓangarorin biyu, kuma ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta samu karɓuwa a Maraɗi tun shekarun 1980, musamman wurin matasan 'yan kasuwa da suka ga ta sauke musu nauyin bukukuwa da biyayyar dole ga manya. Wannan guguwa ma daga waje take, tana da alaƙa da jami'o'in Saudiyya da kuɗin man fetur, amma ta Nijeriya ta bi kafin ta isa Nijar. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, Sakkwato ta bi sahu a 2000 ƙarƙashin Gwamna Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa, masu sana'o'in da aka hana suka kwarara Maraɗi. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin wani bikin nuna tufafi na ƙasa da ƙasa da aka shirya kusa da Yamai ta rikiɗe a Maraɗi ta zama farmaki a kan mashaya da coci da gidan Iya, shugabar bori ta garin. Rikicin Nafata ne ya dawo bayan shekara 200, a kan tufafi kuma, sai dai masu ƙarfi sun sauya gefe.

Ƙofar da ba mai tsaro

A dukan waɗannan zamunna mai riƙe da ƙofa yana da wani abin da yake bin jama'a, su ma suna da abin da suke binsa. Sarki na karɓar fito amma yana gina ganuwa. Malami na neman biyayya amma yana karantarwa yana yin shari'a. En'e, duk da zaluncin haraji, ta san sunan kowane mai gida. Alhaji na cin riba amma yana da yara da barori da yake ɗauke da su. Abin da ya bambanta shekaru 15 na baya-bayan nan shi ne kayan duniya sun iso da yawan da ba a taɓa gani ba, masu ɗaukar nauyin kuwa sun janye. Babur ɗin Indiya da na Sin, waya mai kyamara, farantin hasken rana, ƙwayar taramol, da bindigogin da suka watsu a Sahel bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011, duk ta hanyoyin fasa-ƙwaurin da aka riga aka share suka biyo. Wanda ya fi kowa iya haɗa su wuri guda shi ne ɗan bindigar daji.

A ƙarshen Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu. A shekarar ce sanatan yankin na lokacin, Ibrahim Gobir, ya shaida wa majalisa cewa sojojin Nijar ne mutanensa ke kira idan an kawo hari. A Satumbar 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato don ta toshe wa mahara sadarwa, sai mazauna bakin iyaka, da maharan kansu, suka koma layukan Nijar. Kafin shekarar ta ƙare jaridu suka ruwaito cewa yaran Bello Turji sun tuɓe masu gari a Gangara da Makwaruwa sun naɗa nasu, suna yanka wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi. Karɓar fito da naɗin hakimai da yanke wanda zai wuce, aikin da Babari ya yi a Alƙalawa ke nan, sai dai babu ganuwa babu alƙali. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Hoton bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi ya zagaya wayoyin Hausawa daga Kano har Jidda, dubban mutane suka kalla suka tura wa wasu, kuma a watan Agusta aka ba da labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka kama shi. Ƙauyen McLuhan ya tabbata ta fuskar gani da ji. Ta fuskar kai ɗauki kuwa Gatawa ta fi nisa daga Sakkwato fiye da yadda take a zamanin doki.

Illar wannan ga al'ada ba ta bukatar dogon nazari. Kasuwar mako da aka rufe ba ciniki kaɗai ta tafi da shi ba, ta tafi da wurin da ake haɗa aure da sasanta bashi da jin labarin dangi. Dambe da kokawa da kalankuwa na kaka suna bukatar dare mai aminci da amfanin gona a rumbu. Dangantakar Bagobiri da Bafulatanin da ke masa kiwo, wadda ta tsira daga jihadi da mulkin mallaka, ta lalace cikin 'yan shekaru har kowa na ganin ɗan'uwansa a matsayin mai kai rahoto. Masu kukan cewa TikTok ne ke cinye tarbiyya suna da hujjarsu, amma a wannan yanki abin da ya fi cin al'ada shi ne tashin gari.

Waɗanda suka tashi kuwa hanyar Mayaƙi suka bi. A Mayun 2020 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum 23,000 sun tsallaka Nijar a watan Afrilu kaɗai, jimillarsu ta haura 60,000, yawancinsu mata da yara daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Kafin wata hukuma ta iso, gidajen dangi da surukai a ƙasar Gidan Runji ne suka fara buɗe musu ƙofa suka raba hatsi da su. Daga baya aka yi musu rajista a matsayin baƙi daga wata ƙasa, aka mayar da wasu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka, a ƙasar Sarkin Gobir na Tsibiri, wanda gwamnatin Nijar ta ɗaga darajarsa zuwa sultan a 2010. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufe iyaka da yanke wutar lantarki daga Nijeriya, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ce ta ba talakan ɓangarorin biyu 'yancin zirga-zirga a takarda. Watanni biyu bayan haka sabon kundin mulkin sojan Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 don haɗa Kano da Maraɗi ta Katsina da Jibiya zai bi, gabas da Sabon Birni da tazara mai yawa, hanyar Gundumi kuma har yanzu direbobi na tambayar juna labarinta kafin su ɗauki fasinja.